Muhawara: Marsandi mai fulogi shida ko mai fulogi huɗu?

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. An nuna min Marsandi biyu, duka E-Class ƙirar 2014, jiki ɗaya. Ɗaya E350 ce 'yar Amurka, injin V6 mai lita 3.5. Ɗayar E250 ce 'yar Turai, fulogi huɗu, lita 2.0 mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Jiya a majalisa wani ya ce min duk wanda ya sayi babbar mota mai ƙaramin inji ya sayi wahala, wai ba ta tsimin mai kamar yadda ake faɗa, kuma injin ba ya daɗewa saboda jikin ya fi ƙarfinsa. Gaskiya ne? Zirga-zirgata cikin garin Kano ce, sai Kaduna ko Abuja lokaci-lokaci.

Alhaji Babba: Wa alaikumus salam. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Motar nan ita kaɗai ta haura tan ɗaya da rabi, kafin ka zuba iyali da kaya a but, ka kunna esi. Sa mata fulogi huɗu ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Zai ɗauka, amma zuwa yaushe? Ni E350 nake hawa ƙirar 2010, kuma har yau ba a taɓa buɗe injinta ba. In zan wuce tirela a hanyar Zariya, taɓa totur kawai nake yi. Sayi babbar, ɗana, ka huta.

Injiniya: Allah ya ƙara girma, Alhaji, amma ku ba ni dama in kawo lissafi. A ƙarfin doki kuna da gaskiya, V6 ɗin 2014 yana ba da 302, shi kuwa na E250 yana ba da 211. To amma abin da ke tura mota gaba daga tsaye, ko lokacin hawa tudu, ƙarfin murɗawa ne. A nan babban yana da Nm 370, ƙaramin yana da 350. Kun ga tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Kuma ƙaramin yana sakin nasa tun allurar juyin inji tana kan 1,200, shi kuwa V6 sai ta kai wajen 3,500 kafin ya kawo nasa cikakke. A cikin gari, daga danja zuwa danja, mai turbo ba ya jin nauyin jikin nan ko kaɗan. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 bambancinsu bai fi daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ba.

Alhaji Babba: Wannan lissafin takarda ne, Injiniya. A Jamus aka gwada, cikin sanyi, da mai mai kyau. Kawo ta Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura 40, mu ga turbo.

Na Maraɗi: Alhaji, mu nan Nijar yawancin motocinmu daga Turai suka zo ta Kwatano, kuma ƙananan injuna ne. Zafin Maraɗi da Damagaram bai fi na Sakkwato sauƙi ba, ga su suna ta aiki. A Jamus kanta E-Class ɗin da aka daɗe ana tasi da su galibi fulogi huɗu ne masu shan gas, wato dizal, suna cin dubban ɗaruruwan kilomita. Da jikin ya fi ƙarfin fulogi huɗu, da 'yan tasi ne za su fara gudunta.

Alhaji Babba: Ka ce masu shan gas. Injin gas daban, na fetur daban. Kar a haɗa.

Na Maraɗi: Wannan haka yake, na yarda. Amma maganar nauyin jiki nake amsawa.

Oga Bakanike: Bari mu da muke kwana ƙarƙashin motocin nan mu sa baki. Alhaji, da farko dai, motarku da wadda ake nuna wa Baban Walid ba inji ɗaya ba ne, duk da lambar baya ɗaya ce. Taku ta 2010 tana da injin da ake kira M272, mai ƙarfin doki 268, wanda nozul ɗinsa ke fesa mai a bakin bawul. Inji ne mai haƙuri da man da muke samu. Daga ƙirar 2012 'yan Amurka suka koma M276, wanda ke fesa mai kai tsaye cikin silinda da famfo mai tsananin matsi. Haka shi ma M274 da ke cikin E250 yake. Saboda haka in maganar gurɓataccen mai ce, su biyun duk ba sa so. Ku tuna watan Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai methanol da yawa, ba a bar babban inji ba, ba a bar ƙarami ba. Kamfanin ma fetur mai inganci ya rubuta wa dukansu, mu kuwa gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa, abin da ka samu shi za ka sha.

Na biyu, abin da ke kashe turbo a ƙasar nan ba nauyin jiki ba ne. Baƙin mai ne. Sandar da ke cikin turbo tana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma ba abin da ke riƙe da ita sai siririn mai da ke bi ta wani ɗan bututu. An kawo min wata kwanakin baya tana hayaƙi shuɗi. Da na kwance bututun na ɗaga shi sama, ko haske ba ya wucewa, baƙin mai ya ƙone ya zama kwalta a ciki. Na tambayi mai motar me ake zuba mata, ya ce duk abin da yaron gareji ya sayo. Wani kuma ya riga ya cire mata tamostat ya haɗa fanka dairek, wai don kar ta yi zafi. To ka ga wannan ba laifin ƙaramin inji ba ne. Sai dai gaskiya ɗaya da zan faɗa, kuma ita ce ke goyon bayan Alhaji: da V6 aka yi wa wannan riƙon, da ya fi jurewa kafin ya faɗi. Ba shi da turbo, ba shi da bututun iska masu fashewa, abubuwan lalacewarsa ba su kai na ƙaramin yawa ba.

Baban Walid: Oga, wato kana tare da Alhaji ke nan?

Oga Bakanike: Ina tare da shi a kan juriya in riƙo ba shi da kyau. Ba na tare da shi a kan cewa ƙaramin ba ya daɗewa. Ka ba shi man da aka rubuta masa, ka riƙa juye shi da wuri saboda ƙurarmu, in ka dawo daga doguwar tafiya ka bar shi ya ɗan huce kafin ka kashe, zai kai ka inda kake so.

Maman Hanifa: Ku yi haƙuri, duk kun tsallake abin da ya fi damun mai gida, wato kuɗin mai. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin kowa ya canja. Ni nake kai yara makaranta a Abuja, kuma fulogi huɗu nake ja. A cunkoson Nyanya da safe mota tsaye take, inji yana aiki, esi yana aiki. A nan lita 3.5 da lita 2.0 ba za su sha daidai ba, ko wa ya faɗa. Silinda shida ake ciyarwa a can, huɗu a nan. Baban Walid ya ce yawancin tafiyarsa cikin gari ce. Doki 302 ɗin nan a ina zai sake su, tsakanin Kabuga da Kantin Kwari?

Alhaji Babba: Hajiya, wanda zai sayi Marsandi ba ya tambayar kuɗin mai.

Maman Hanifa: Da can ne, Alhaji. Yanzu kowa yana tambaya, har masu shi. Motoci nawa ne aka lulluɓe da tamfol a gidaje saboda tanki ya gagara? Tankin 'yar Amurkan nan lita 80 ne.

Injiniya: Hajiya tana da gaskiya a cikin gari. Amma don adalci, rabin maganar mutumin majalisa ma gaskiya ce. Turbo iska yake cusa wa inji, kuma ƙarin iska sai da ƙarin mai. In ka taka ƙaramin sosai a babban titi, da mutum biyar da kaya, tsiminsa yana raguwa ƙwarai, har ya kusa kamo babban. Shi kuwa V6 a giya ta bakwai yana tafiya a natse, shan mansa ba ya ba da tsoro. Baban Walid, yi lissafin da kanka. A ce bambancin lita 2 ne a kowane kilomita 100, kuma kana cin kilomita 1,500 a wata. Lita 30 ke nan. Ninka da farashin yau, ka ga ko ya kai abin da zai canja maka ra'ayi. Misali na bayar, kai za ka sa naka adadin.

Abu ɗaya kuma da ba a ambata ba: tudu. Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a can saboda iska ta yi sauƙi, mai turbo kuwa yana cike gurbin.

Dillali: Duk na ji, amma ni ta fuskar kasuwa zan yi magana, don mota ba aure ba ce, wata rana za a sayar. E350 'yar Amurka ita ta cika ƙasar nan. Ka je Ƙofar Ruwa, ka je Panteka a Kaduna, ka je Apo ko Ladipo, kayanta na nan, har inji sukutum. Makanikai sun san ta. In ka kawo min ita yau, kafin mako na samo mai saye. E250 ta fetur kuwa ba a kai ta kasuwar Amurka ba a wannan jikin, shi ya sa ba ta da yawa a nan, kuma mai saye yana jin fulogi huɗu sai ya fara rage kuɗi. Abin da ka tsimi a gidan mai kana iya mayar da shi ranar sayarwa.

Sannan a kula. Akwai E250 'yar Amurka daga 2014, amma gas take sha, BlueTEC, tana buƙatar ruwan AdBlue na tace hayaƙi da gas mai tsafta. Kar a haɗa ka da ita ba ka sani ba. Kuma kar kowa ya dogara da lambar da ke but. E350 ƙirar 2020 a Amurka fulogi huɗu ce mai lita 2.0. A buɗe bonet, a duba lambar casis.

Na Maraɗi: To ka ga, Alhaji, kamfanin da kansa ya koma ƙaramin inji. Tun ƙirar 2017 E300 fulogi huɗu ce ta zama ta matakin farko a jerin E-Class a Amurka.

Alhaji Babba: Dokar hayaƙi ce da haraji suka tilasta musu, ba don ya fi ba. Kuma duk cikinku ba wanda ya yi maganar daɗi. Ka tayar da V6 da asuba, ka ɗora hannu a sitiyari, ba ka jin karkarwa. Fulogi huɗu ko an yi masa dabara yaya, sautinsa na fulogi huɗu ne. Wanda ya tara kuɗinsa shekara da shekaru don ya hau babbar mota, wannan natsuwar yake saye. In tsimi ake nema zalla, ga ƙananan motoci nan birjik.

Maman Hanifa: Natsuwar da nake samu a kujera take, da shirun cikin mota, da birki, da jakunkunan iska da ke kare min yara. Duk waɗannan akwai su a su biyun.

Injiniya: A kan santsin inji dai ba na musu da Alhaji. Silinda shida suna kunna wuta sau uku a kowane juyi, huɗu kuwa sau biyu. Jiki yana ji.

Baban Walid: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta, maganar cewa ƙaramin ba ya iya jan jikin ba ta tsaya ba. Amma maganar Dillali ta kama ni, don ba na son motar da zan jira kaya daga waje. Zuciyata ta karkata ga E350, sai dai ba zan biya ba sai na ja kowacce da mutum huɗu a ciki, esi a kunne, daga Naibawa zuwa Kwanar Dangora mu dawo. Oga, za ka samu zuwa ranar Asabar?

Oga Bakanike: Zan zo da kwamfuta in sha Allah. Amma ka gaya wa masu motocin kar wanda ya tayar da su kafin mu iso. Ina son jin tashin farko, inji da sanyinsa, don a daƙiƙun nan kacar taimin ke ƙara in ta saki, kuma su biyun duk kaca gare su. Sai mu leƙa bututun iskar ƙaramar mu ga ko akwai mai a ciki, mu duba ko tamostat ɗin kowacce na nan. Ka kuma ce su tanadi takardun kwastam.