Da gaske furobayotik yana tsinka jini ga masu ƙiba?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Kwanan baya nayi gwajin jini, likita yace filatilet ɗina 430,000 ne, wai ba matsala amma in rage jiki tunda BMI ɗina, wato awon nauyi idan an gwada shi da tsawo, ya haura 30. To sai wata mai saida kaya a WhatsApp tace min in sayi kafson furobayotik, wato kafso mai ɗauke da bakteriya masu amfani ga hanji, wai yana tsinka jini yana hana shi daskarewa ga masu jiki irina, kuma wlh kuɗin ba kaɗan bane shi yasa nace bari in tambaya tukun.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam Maman Biyu, ki kwantar da hankalinki, daga 150,000 zuwa 450,000 duk lafiya ne. Filatilet sune ƴan ƙwayoyin da suke toshe ciwo in kin yanke, a ɓargo ake yinsu, kwana 7 zuwa 10 suke yi a cikin jini sai a sake wasu. Mu masu ƙiba ba yawansu ne kaɗai abin dubawa ba, kitsen tumbi yana jawo wani kumburi na ɓoye a jiki da yake sa su saurin mannewa da juna, shi yasa gudan jini a ƙafa da shanyewar ɓarin jiki suka fi yi mana barazana. Maganar hanji kuma tana da tushe, a 2016 masu bincike a Cleveland Clinic ta Amurka sun nuna bakteriyar hanji tana sarrafa wani sinadari irin na kwanduwar ƙwai da jan nama, hanta ta maida shi wani sinadarin da ake kira TMAO, shi kuma yana ƙara zaburar da filatilet. Amma fa daga nan zuwa ace kafso zai tsinka miki jini akwai tafiya mai nisa, gwajin furobayotik da akayi akan mata masu ƙiba ƙanana ne kuma na ɗan lokaci, babu likitan da zai rubuta miki shi a matsayin maganin daskarewar jini.

Uwargida:
Ni dai kindirmo nake sha ba suga, ai shima bakteriya mai amfanin ce a ciki ko? Sai dai ki tabbata an dafa madarar kafin a kwantar, ɗanyen nono yana kawo cuta. Yogot ɗin roba kuwa da yawansu cike suke da suga, ƙiba zai ƙara miki.

Ɗan Kemis:
Hajiya abin yana min ciwo yadda ake cinye kuɗin mata da irin wannan tallar. Bakteriyar cikin kafson nan irinsu Lactobacillus da Bifidobacterium rayayyu ne, zafi yana kashesu, wasu sai a firij, to kayan da ya kwana a jakar mai talla a zafin Kano ga ba wuta me ya rage a ciki? In har zaki saya ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kuma in likita ya ɗoraki akan asfirin ko warfarin, magungunan hana daskarewar jini, kada ki kuskura ki ajiye saboda kafso. Kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ne? Mai ɗauke da sinadarin istrojin in ta haɗu da ƙiba tana ƙara haɗarin gudan jini.

Maman Biyu:
Nagode sosai Allah ya saka. Eh ina sha fa malam, kuma ban taɓa faɗa wa likitan ba, zan koma ranar Litinin da kwalin a hannu in nuna masa.