Neman kalma: yaron da ba ya ganin allo, me za a kira larurarsa?

Mai awon ido, Tudun Wada: Salamu alaikum. Ana haɗa takardar faɗakarwa ga iyayen 'yan firamare a nan Zariya, sai aka cije a kalmar da likitoci ke cewa mayofiya. Yaro ne yana karanta littafin hannunsa tas, amma rubutun allo dishi-dishi, sai ya ƙanƙance ido ko ya kwafa daga na kusa da shi. A daftarin farko an sa "rashin hangen nesa". Ya yi?

Malamar Hausa, Samaru: Wa alaikumus salam. Bai yi ba sam, Malam. Ka ce wa uba ɗansa ba shi da hangen nesa, ai zagi ka yi, tunaninsa ka taɓa ba idonsa ba. Ka fara gaya mana abin da ke faruwa a cikin idon, sai kalmar ta fito da kanta.

Mai awon ido: To Malama. Ƙwayar ido ce ke zarce tsayinta daga gaba zuwa baya. Ta jariri ba ta wuce milimita 17, ta babba wajen 24. In ta ƙara ko milimita ɗaya ne, hoton abin da ke nesa sai ya haɗu kafin ya isa shimfiɗar bayan ido, ya iso a watse. Wannan milimita ɗayan kan kai lambar tabarau kusan 3, mai alamar ɗebewa. Mai lamba 2 ganinsa garau ya tsaya a rabin mita, mai lamba 4 a santimita 25. Shi ya sa yake manna fuska da littafi.

Dattijo, Ƙofar Doka: Ai dundumi ke nan, me ya kai ku ƙirƙira?

Likitar ido: Allah ya ƙara girma Baba, dundumi daban. Mai dundumi da magariba ganinsa ke ɗaukewa, kuma a yara yawanci ƙarancin bitamin A ne. In aka rubuta dundumi, uwa za ta nemi ƙwayar bitamin ta bar tabarau. Ba hakiya ba ce, ba yana ba ce, tunda idon fes yake in ka duba. Gwaji mai sauƙi: a huda kati da allura, yaro ya rufe ido ɗaya ya leƙa allo ta hudar. In rubutu ya washe, tabarau yake nema.

Malamar Hausa: To ga uku: ganin kusa, gajeren gani, raunin ganin nesa. Ta farko ba ta nuna larura, kowa ma yana ganin kusa. Ta uku daidai take amma bayani ce, ba suna ba, kuma baki ba zai riƙe ta ba. Ni gajeren gani na zaɓa. Muna cewa gajeren tunani, gajen haƙuri, kunne ya saba da ginin.

Likitar ido: Na bi ki, Malama, da sharaɗin a karon farko a rubuta "gajeren gani, wato raunin ganin abin da ke nesa". Sannan kada takardar ta ce "abin da ke kawo shi", ta ce "abin da ke ƙara haɗarinsa", don ba kowane yaro da ya haɗa su ke kamuwa ba. Gado na gaba: mahaifi ɗaya mai shi, haɗari ya ƙaru, su biyun ya fi. Bakwaini ma suna ciki. Amma wanda ke hannunmu shi ne ƙarancin fita waje. Dubi ranar yaro a Sabon Gari ko Samaru: boko da safe, Islamiyya da yamma, darasin gida bayan magariba, sannan wayar uwarsa har barci. Idon bai huta da kallon kusa ba, bai kuma sha hasken rana ba, alhali ko inuwar darbejiya ta ninka hasken aji sau da yawa. A Guangzhou ta ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 a waje kullum. Bayan shekara 3, kusan kashi 30 cikin 100 suka kamu, sauran makarantun kusan 40. Taiwan tun 2010 minti 120 ta ɗora wa makarantunta. A rubuta awa 2 a rana, littafi kuma kamu ɗaya daga fuska, kamar santimita 30 zuwa 40.

Mai awon ido: A ƙara da cewa tabarau ba ya kashe ido, wannan camfin ya hana yara da yawa karatu. Kuma kada a saya a tire. Idon yaro sai an ɗiga maganin da ke sassauta tsokar cikinsa kafin awo, in ba haka ba lambar ta fito fiye da gaskiya. Wanda ya fara tun yana shekara 6 ko 7 shi ake ji wa, don lambar na hawa har ya gama girma, kuma daga lamba 6 zuwa sama shimfiɗar bayan ido na iya ɓallewa.

Ma'aikaciyar jinya, ɗakin yara: Tunda takarda ɗaya ce, ku gyara shafi na biyu ma. An fassara siza da farfaɗiya, kuskure ne. Siza jijjiga ce. Zazzaɓi mai zafi kan kawo ta ga ɗan wata 6 zuwa shekara 5, haka maleriyar da ta hau kai, sanƙarau, faɗuwar sukari, buguwar kai, ko wahalar haihuwa. Ba a cewa farfaɗiya sai ta maimaitu ba tare da irin waɗannan dalilan na nan take ba. A rubuta: a kwantar da yaro mai jijjiga ta gefe, ban da cokali a baki, ban da ɗura, a duba agogo. Ta kai minti 5, asibiti ba jira. Ko ta tsaya da kanta a kai shi ranar.

Malamar Hausa: An gama ke nan. Shafi na ɗaya gajeren gani, na biyu jijjiga. Malam, ka turo daftarin in duba ƙugiyoyin ƙ da ɗ kafin a kai maɗaba'a.