Shawarwarin Malamai Mata a Mai Wurno

A zaman da malamai mata Hausawa suka yi a Mai Wurno, wani gari da ke ƙasar Sudan, shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a gaggauta naɗar muryoyin tsofaffin malamai, domin ilimin yawancinsu a ka yake. An tuna cewa makarantar 'yan mata da Babikir Badri, wani malami ɗan Sudan, ya buɗe a garin Rufa'a a 1907 ita ce tushen Jami'ar Ahfad ta Omdurman, amma ba a cika ambaton matan da suka riƙe azuzuwan ba, abin da nake gani rashin adalci ne. Wata mai kula da laburare ta ce a ɗauki hoton takardun ajami da waya, a kuma ɗaga su daga ƙasa saboda gara da danshin damina.