Dan Allah a taimaka, tankina na kifin teku ya ƙi daidaita

Salam 'yan uwa. Sati shida kenan da na haɗa tankin gilashi mai cin lita 400, na zuba yashi da duwatsu, ma'aunin gishirin ruwan na kan 1.025, cikin sinadaran da ke cutar da kifi, amoniya ta sauka sifili tuni amma naitirait ya ƙi sauka, kullum na gwada sai ruwan kwalbar gwajin ya koma shunayya, alamar yana nan da yawa. Ga wani datti ruwan ƙasa ya lulluɓe gilashin, na goge da safe kafin magariba ya dawo. Da ruwan burtsatse nake haɗa gishirin don ba ni da injin tace ruwa na RO, kuma in an ɗauke wuta ruwan har digiri 30 yake kaiwa. Ruwan ne matsalar ko in ƙara jira? Yara sun ƙosa su ga kifi, ni kuma wallahi tsoro nake in sa su mutu min.