Wa ya fara rubuta furogiram a kan na'urar gem, ba kwamfuta ba?

Mai gyaran waya: Salam 'yan uwa. Jiya ina kwashe kaya a ɗakin tsohuwa na ci karo da kibod ɗin nan mai ramin kaset a sama wanda ake jonawa da talabijin, a kwali an rubuta kwamfutar koyo ce amma cikinta kwafin Famicom ne kawai, tsohuwar na'urar gem ta Nintendo. Wlh a kanta na fara rubuta 10 PRINT da sunana, 20 GOTO 10, na buga RUN sunan ya dinga zubowa ba tsayawa har na ruga na kira ƙannena su gani. Ni kaɗai ne ko akwai irina?

Ɗan Sabon Gari: Ba kai kaɗai bane yaya. Asalin abin Family BASIC ne, kaset da kibod na rubuta furogiram a kan Famicom, da Nintendo suka fitar a Japan a 1984 tare da Hudson da Sharp, memori 2KB kacal yake baka amma shi yana da batir yana riƙe aikinka. Tawa kam ta kasuwa bata ajiye komai, shi yasa na ware littafin makaranta guda ina kwafe duk layin da yayi aiki kafin in ci gaba, akwai ranar da na kai layi kusan 40 ina so ɗan mutum ya motsa hagu da dama ban kwafe ba kawai aka ɗauke wuta, na zauna cikin duhu hannuna na kan kibod, ranar ko tuwo ban ci ba. Har yau in ina aiki a laftof hannuna da kansa yake danna sebin.

Baban yara: Ni PS2 ce 'yar gwanjo daga Turai, ta zo da faifan demo mai Yabasic, manhajar rubuta furogiram, a ciki. Wata biyu ina rubutu da pad harafi ɗaya ɗaya yatsa har ciwo yake, sai daga baya na gane ana sa kibod na USB, kuma memori kad ɗin nan mai 8MB yana ajiye furogiram. Da'ira na fara zanawa tana dukan bango tana dawowa. Net Yaroze kuwa, baƙar PS1 ta 1997 da ake ƙirƙirar gem da ita, a lokacin dala 750 ga kuma sai kana da kwamfuta kuma ka iya yaren furogiram na C, wannan a hoto kawai na santa.

Maman biyu: Nawa ɗan Game Builder Garage yake yi a Switch, babu rubutu, wasu 'yan halittu ake haɗawa da zare wannan ya ba wancan umarni. Da nayi ta faɗa wai wasa yayi yawa, ranar da ya miƙo min pad yace Umma gwada gem ɗina na ga ashe shi ya tsara komai, tun daga nan na ƙyale shi.

Mai gyaran waya: Allah ya raya shi Hajiya. Tawa na'urar na samo mata adafta fitila ta kama, matsalar talabijin ɗin gidan bashi da ramin AV ɗin nan mai ruwan ɗorawa. Wa ya taɓa gwada abin canza AV zuwa HDMI da irin wannan, rubutun yana fita tar?