Gaɓar Tiga ta wa ce: masu zuwa shaƙatawa ko masunta da makiyaya?

Kabiru: Salamu alaikum jama'a. Asabar ɗin da ta wuce na kwashi iyali muka je dam ɗin Tiga, don yaran sun daɗe suna jin labarin ruwan a bakina. Na dawo raina a ɓace. Ga ruwa iya ganinka, ga duwatsu, ga iska mai daɗi, amma inda muka tsaya babu inuwar da aka tanada, babu makewayi, babu ko allon da zai gaya maka inda zurfi yake. Kashin shanu a nan, tsohuwar koma a can, leda ko'ina. Ni ra'ayina a fili yake: a killace gaɓar tun daga wajen madatsar har bakin dajin Falgore, ta zama gandun shaƙatawa na jiha, a sa kuɗin shiga, a hana kamun kifi da kiwo da saran itace gaba ɗaya. In ba haka aka yi ba, wurin nan ba zai taɓa gyaruwa ba.

Ɗanladi: Wa alaikumus salam. Yaya Kabiru, komar da ka gani a yashe wataƙila ta irin su babana ce. Kai ka je yini guda ka dawo. Mu a bakin ruwan nan aka yanke mana cibiya. Lokacin da aka tare kogin Kano aka yi dam ɗin nan, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ƙauyuka aka tasa, gonaki suka nutse. Wasu daga cikin waɗanda suka rasa gona su ne suka koyi su don su rayu. Yanzu kuma a sake tashin jikokinsu don mutanen birni su sami wurin shimfiɗa darduma ranar Asabar? Da karfasa da tarwaɗar ruwan nan aka biya mini kuɗin makaranta.

Kabiru: Ban raina sana'ar Baba ba, ƙanena, Allah ya ƙara masa lafiya. Amma ai za a ɗauki mutanen wurin aiki. Masu gadi, masu tuƙa kwale-kwale, masu sayar da abinci.

Ɗanladi: Mutum nawa ƙofar shiga guda za ta ɗauka? Ka ƙirga masu su, ka ƙara da matan da ke banda kifi, da masu saƙa koma, da masu sassaƙa jirgi, da dillalan da ke kai wa kasuwa.

Malam Habu: Ku dakata 'ya'yana, ku bar ni in sa baki. Na yi shekaru ina aikin gandun daji kafin in ajiye, kuma ina ganin ku biyun kuna kallon bakin ruwa, alhali ciwon yana can sama. Tafkin Tiga ba daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa ba. Ruwan sama ne da ke sauka a tsaunukan kudancin Kano, ya ratsa dajin Falgore, wanda ya shafi ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, sannan ya taru a bayan madatsa. Dajin nan shi ne matacin ruwan. Saiwar maɗaci da ƙirya da marke ita ke riƙe ƙasa, ciyawa kuma ta rage wa ruwa gudu. Duk bishiyar da aka sare aka yi gawayi da ita, ƙasar da take riƙewa damina za ta kwashe ta ta zuba a cikin tafki. Laka ba ta ihu. A hankali take cika gindin dam, shekara bayan shekara, sai wata rana a ga ruwan da ake taƙama da shi faɗi ne kawai babu zurfi. Ranar nan babu mai shaƙatawa, babu masunci, babu manomin rani a Kadawa da Kura da Bunkure, kuma matatar ruwa ta Tamburawa da ke shayar da birnin Kano ita ma za ta ji a jikinta. Saboda haka a maganar saran itace ina tare da Kabiru ɗari bisa ɗari. A maganar su kuwa ban yarda da shi ba. Masunci mai birgi ko mamari ba shi ke kashe tafki ba. Masu kashe shi su ne mai zuba gamalin, wato maganin ƙwari mai guba, a ruwa, da mai jan taru mai ƙananan idanu wanda ke kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Waɗannan kuma, in ana so a kama su, babu wanda ya san su kamar masuntan kansu da sarkin ruwansu.

Ɗanladi: Baba Habu, Allah ya saka da alheri. Masu gamalin mu ma abokan gabarmu ne. Dare ɗaya suke lalata abin da za mu ci wata uku.

Bello: Ni kuma a ba ni dama in yi magana a kan shanu, tunda an ambaci kashinsu. Iyayena makiyaya ne. Da rani, in rafuka sun ƙafe, ina za a kai dabba ta sha ruwa? Burtalin da kakanninmu suka bi yawancinsa an nome shi. In aka zagaye gaɓa da waya ba a bar mashaya ba, wallahi za a yanke wayar, ba don taurin kai ba, don saniya ba ta san doka ba in ƙishirwa ta kama ta. Daga nan sai rigima, sai kamu, sai tara. A ware mashaya sanannu, a fitar da hanyar zuwa gare su, a sa ardo cikin masu sa ido. Wannan zan iya kai wa mutanenmu su saurara.

Kabiru: Bello, gaskiya ɗaya ce: mashaya daban, kwana da garke a tsakiyar daji daban. Kowa ya san yadda sunan Falgore ya ɓaci a hanyar Kano zuwa Jos saboda 'yan fashi da ɓarayin shanu, har sai da sojoji suka kafa sansanin atisaye a ciki. Wane magidanci zai kai iyalinsa wurin da yake tsoro?

Bello: Ɓarayin shanun nan shanun wa suka fara sata? Namu. Dajin da aka kore kowa daga cikinsa shi ne ɓarawo ya fi so, don babu idon da zai gan shi.

Hajiya Rabi: Sannunku da ƙoƙari. Ni malamar makaranta ce, kuma abin da ya tsaya mini a rai cikin maganar Kabiru shi ne allon gargaɗin da ya ce babu. Ba mu manta da Bagwai ba. A ƙarshen Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari, kuma yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne, ƙananan yara. Allah ya jiƙansu. Kafin a yi maganar otal da jirgin yawo, a fara da ran mutum. Rigar kariya ga duk wanda zai hau jirgi, ƙa'idar adadin fasinja, wurin wanka da aka yi wa iyaka, da gwanayen ninƙaya masu tsaro, musamman lokacin bukukuwan sallah da samari ke tururuwa. Su wa suka fi iya ruwan nan? 'Ya'yan masunta. To ga aiki nan na gaske, Ɗanladi, ba na share fili ba. Ni dai ba zan kai ɗalibaina yawon ilimi bakin ruwan da babu mai ceto ba, ko da an shafe shi da zinariya.

Barista A'isha: Yaya Kabiru, akwai abin da ka tsallake. Ka ce gandun jiha, to jiha ita kaɗai ke da iko da wurin? Madatsar da sakin ruwanta suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta tarayya ce. Falgore kuma gandun namun dajin jihar Kano ne tun da daɗewa, amma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙara gandaye goma cikin na ƙasa, kuma Falgore na ciki, tare da Baturiya ta Jigawa. Ga kuma ƙananan hukumomi da masarauta da ke da ta cewa a kan filaye. In ba a zauna an rubuta wa ke da alhakin me ba, jiha za ta gina, wani ya ce ba hurumin ta ba ne, abin ya tsaya. Sannan ka tuna otal ɗin Bagauda da ke bakin nasa tafkin. An gina shi don irin wannan burin naka, yau harabar makarantar horar da lauyoyi ce, a can ma na yi karatu. Ga otal ɗin Rock Castle a Tiga ɗin kanta. Gini ba shi ya taɓa gagarar mu ba. Kuɗin gyaran famfo da albashin mai gadi a shekara ta biyar, su ne ke gagara.

Kabiru: Barista, to Yankari fa? A 2006 ta koma hannun jihar Bauci daga tarayya, kuma har gobe mutane na zuwa su yi wanka a Wikki su ga giwaye. Can ma ai ba a yarda da kiwo da farauta ba.

Malam Habu: Yankari tun 1956 aka keɓe ta, ɗana, kuma ba tafki ba ce da dubban mutane ke ci daga ruwanta. Duk da haka sai da jihar ta haɗa hannu da ƙungiyar kare namun daji ta WCS a 2014 don a ƙarfafa sintiri. Ka tambayi duk wanda ya yi aikin nan: mai gadin daji in ba shi da takalmi da babur da alawus a kan lokaci, buhun gawayi biyu ya isa ya sa ya kau da kai. Na ga mutanen kirki da yunwa ta karya su, kuma har yau abin na damuna.

Musa: Ni daga Nguru nake, ku yi haƙuri in kawo kukanmu. Kuna magana kamar ruwan ya ƙare a Kano. Abin da aka saka daga Tiga da Challawa shi ke zuwa Haɗeja, ya zo mana, ya wuce Gashuwa. Kafin dam, ambaliya na zuwa da damina ta janye da rani, mu shuka shinkafa, mu kama kifi, shanu su ci ciyawar fadama. Da ruwa ya koma gudana ba rani ba damina, sai ciyawar kacalla ta sami gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama gidan jan-baki masu cinye hatsi. Tsorona shi ne, in aka zuba kuɗi a otal da jiragen yawo, gobe masu otal za su ce kada a taɓa ruwa don gaɓa ta yi kyau a hoto. Wa zai tsaya mana a wannan zaman?

Barista A'isha: Malam Musa, wannan ita ce tambayar da ya kamata a rubuta amsarta kafin a aza tubali ko ɗaya. Ruwan sha da noma da haƙƙin na ƙasa da dam su zo gaba, shaƙatawa ta bi bayansu.

Kabiru: Na ji, kuma na janye maganar hana kamun kifi gaba ɗaya. Ban yi tunanin Nguru ba sam, Malam Musa, ka yafe ni. Amma ba zan janye killacewa ba. A ware yanki guda, ko da kilomita biyu ne na gaɓa, inda babu shanu, babu koma, babu wankin mota, a sa kuɗin shiga daidai aljihun talaka, kuma a kafe allo a ƙofa ana rubuta abin da aka tara da inda ya tafi. Yaran Kano su ma suna da haƙƙi su ga dinya da kirinjijiya a kan ruwa, ba a littafi kawai ba.

Ɗanladi: In yanki ne guda, kuma da mu za a zaɓe shi, ba ni da ja. Sai dai kada a ɗauki mashigin da muke ɗaure jirage, kuma kada a taɓa lungunan da ciyawa ke nutsewa da damina, nan kifi ke zuba ƙwai.

Malam Habu: To ai lungunan nan su nake so a rufe, Ɗanladi, ba don baƙi ba, don kifin. Daga Yuli zuwa Satumba, wata uku, kada koma ta shiga.

Ɗanladi: Baba, wata uku da yawa. Lokacin ne hatsi ya ƙare a rumbu, sabo bai nuna ba. Me za a ci?

Malam Habu: Daga kuɗin ƙofar Kabiru za a fitar da wani kaso a riƙe ku da shi. In ba za a yi haka ba, ni ma ban goyi bayan ƙofar ba.

Bello: Mashaya fa? Kada a gama rabo a manta da mu.

Ɗanladi: Akwai wurare biyu da shanu suka saba sauka tun ina yaro, duk nesa suke da inda Yaya Kabiru yake nufi. Jibi Juma'a zan je gida. Zan zauna da Baba da sarkin ruwa in tambaye su watannin da kifi ya fi zuba ƙwai da lungunan da suke ganin za a iya rufewa. Bello, in kana kusa ka zo mu je tare ka ga mashayar da idonka.

Bello: Ina Tudun Wada ranar. Bayan an sauko daga masallaci zan kira ka, in sha Allahu.