Wai duk barbiturate abu ɗaya ne?

Abu Khalid: Ni fa magana ɗaya nake, duk maganin da ake ce wa barbiturate, wato magungunan nan masu sa barci da kwantar da ƙwaƙwalwa, guba ne, tushensu ɗaya, a hana su gaba ɗaya tunda an samu sababbi.

Ɗalibar famasi: Malam tushe kam ɗaya ne, barbituric acid da Adolf von Baeyer ya haɗa a 1864, amma shi kansa ko gyangyaɗi ba ya sawa, sai da aka maƙala masa wasu abubuwa a kan kabon na biyar sannan ya fara taɓa ƙwaƙwalwa. Fischer da von Mering suka zo da barbital a 1903 mai ethyl biyu maƙale a wannan gurbin, da aka musanya ɗaya da phenyl sai ga phenobarbital a 1912, shi kuma thiopental sulfur ne a gurbin oksijin ɗaya, wannan ya sa yake saurin narkewa a kitse, cikin daƙiƙu ya isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake sumar da mutum da shi a tiyata. To ina suka zama ɗaya?

Abu Khalid: Ai duk numfashi suke tsayarwa in an wuce ƙima. Ba shi ya sa aka koma su diazepam ba da ya fito a 1963?

Wani nas: Nan kana da gaskiya. Diazepam sai da GABA yake aiki, wato sinadarin jiki mai kwantar da ƙwaƙwalwa, yana ƙara yawan buɗewar ƙofar da sinadarin chloride ke bi ya shiga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne, su barbiturate kuwa suna sa ƙofar ta daɗe a buɗe, in sun yi yawa ma da kansu suke buɗe ta. Tsakanin adadin magani da na kisa ba nisa, balle a haɗa da giya. Don barci kam gara a bar su.

Ummu Sadiq: Don Allah ku daina cewa a hana. Ɗana farfaɗiya gare shi, da sai ya faɗi ya cije harshe ina riƙe da kansa, phenobarbital ne ya tsayar da abin, sau ɗaya yake sha da dare. Eh yana sa shi kasala da safe, amma wallahi ba haɗi.

Ɗalibar famasi: Anti har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO), kuma da shi ake fara tarar jijjigar jarirai.

Abu Khalid: To jaraba fa? Jiki na sabawa da shi, wannan ba wanda ya ba ni amsa.

Wani nas: Yana sabawa, shi ya sa ba a yanke shi farat ɗaya, jijjiga mai tsanani na iya biyo baya, likita ne ke rage shi a hankali. Mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa ma su faɗa wa likita, don yana sa hanta ta yi saurin karya ta.